Kirsimatin Baƙo

Abin karatu: Matta sura 2, aya 13 zuwa 23.

 Ga watan Disamba ya kama. Hunturu ya sauko, hazo ya rufe fadamun Taba da Hunkuyi da Likoro. Ana saran rake, ana dafa mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi, manoman Ikara kuwa suna fama da ban ruwan tumatir. Mata sun fara tanadin shinkafa da man gyaɗa, teloli ba su barci, yara suna ƙirga kwanaki.

Amma a waɗansu gidaje na Ekklesiyarmu akwai gurbi a tabarma. Za a raba nama, a ajiye kason kowa, sa'an nan uwa ta tuna akwai kaso ɗaya wanda mai shi ba ya nan. Ɗanta ko 'yarta yana Ingila, ko Masar, ko Indiya, ko Sin, ko Malesiya, wajen neman ilmi. Maganarmu ta wannan wata domin waɗannan yara ce, da iyayensu, da mu duka. Gama ɗalibi ya kan jimre sanyi, ya jimre jarrabawa, ya jimre ƙarancin abinci, amma ranar biki guda ɗaya ta karya masa zuciya. Wani ma a ranar ce ya ke fara sakin hanyar Ubangiji, ba wanda ya sani a gida sai bayan shekaru.

1. Yadda ranar ta ke a can

Da yawa a cikinmu suna tsammani wanda ya yi Kirsimati a Turai ya fi kowa morewa, tun da daga can Bishara ta zo mana. Bari mu faɗi yadda abin ya ke.

A nan Kirsimati abin waje ne. A kan fito da waƙa, Zumuntar Mata suna kaɗa tulu, a zaga gari, a kai gaisuwa ƙofar gidan dagaci. Yara su kan ɗauki kwanonin abinci zuwa gidajen maƙwabta, har da 'yan'uwanmu Musulmi, kamar yadda su ma su kan aiko mana da Salla. Ba a tambayar baƙo wa ya gayyace shi. In ya yi sallama, an ba shi wuri.

A Ingila kuwa abin cikin ɗaki ne. Kowa ya kan koma wurin danginsa ya rufe ƙofa. A birnin Landan ranar 25 ga Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma kuwa ta faɗi. Jiragen ƙasa ba su tafiya a ranar, motocin safa na birni suna ajiye, manyan kantuna a rufe. Jami'a ta yi hutu, ɗaliban ƙasar sun watse. Gidan kwanan ɗalibai da ke cike da hayaniya jiya ya zama kamar kufai, sai baƙi 'yan kaɗan, kowa a ɗakinsa. Yaron da ya tashi a gidan mutum talatin, wanda bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba, sai ga shi zaune da kwano ɗaya da cokali ɗaya.

A waɗansu ƙasashe damuwar dabam ce. A Sin da Turkiyya ranar ba ranar hutu ba ce. Ɗalibi zai ɗauki littattafansa ya tafi aji kamar kullum, wataƙila ma ya tarar da jarrabawa. A Masar da Habasha da Rasha yawancin masu bi suna yin nasu bikin ranar 7 ga Janairu, Kibɗawan Masar kuwa su kan yi azumin kwana 43 kafinsa. Watau ranar da yaronmu ya ke marmarin nama da waƙa, 'yan'uwansa masu bi na ƙasar suna cikin azumi.

Komawa gida hutu kuma ba abu mai sauƙi ba ne. Tun da darajar Naira ta faɗi ƙwarai daga watan Yuni na 2023, kuɗin makaranta da na jirgi suka fi ƙarfin gidaje da yawa. Daga Janairu na 2024 kuma Ingila ta hana yawancin ɗalibai baƙi tafiya da matansu da 'ya'yansu. Saboda haka akwai magidanta da za su yi bikin nan su kaɗai, iyalinsu suna Zariya ko Kaduna.

2. Ubangiji da kansa baƙo ne

Yanzu sai mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu duba Kirsimati na fari. Wa ya yi shi a gidansu? Ba ko ɗaya.

Yusufu da Maryamu mutanen Nazarat ne. Umurnin Kaisar Augustas ya tashe su zuwa Baitalami domin ƙidaya, tafiya mai nisa kamar daga Zariya zuwa Kano, ga ta da tsohon ciki. A ƙasarmu mace ta kan tafi gidan iyayenta haihuwar fari. Uwarta ta kula da ita, a dafa mata ruwan wanka, a dama mata kunun kanwa. Luka bai ambaci uwa ko goggo ko ungozoma kusa da Maryamu ba. Ya ce dai ita ce ta naɗe jaririn, ita ce ta kwantar da shi a wurin cin dabbobi, domin masauki ya cika. Masu barka na fari makiyaya ne waɗanda ba ta taɓa gani ba. Masu kawo kyauta kuwa baƙi ne daga gabas, su ma sun bar ƙasarsu.

Bayan wannan sai abin da muka karanta cikin Matta. Hirudus ya nemi ran yaron, Yusufu ya tashi da dare ya gudu da shi da uwarsa zuwa Masar, suka zauna can har Hirudus ya mutu. Ku duba fa. Ƙasar da aka bautar da kakanninsa, can Allah ya ɓoye Ɗansa. Mai Cetonmu ya sha ruwan baƙuwar ƙasa tun yana goye. Har yau a tsohon birnin Alƙahira akwai majami'a da a ke kira Abu Sarga, wadda Kibɗawa suka gāda daga kakanninsu cewa a wurin iyalin nan suka sauka. Ɗaliban Nijeriya da suka gudu daga yaƙin Yukren a watan Fabrairu na 2022, da waɗanda suka kwana a hamada a bakin iyakar Masar sa'ad da yaƙi ya tashi a Sudan a watan Afrilu na 2023, sun ɗanɗana abin da Yusufu ya ɗanɗana a wannan dare.

Akwai baƙunci kuma wanda ya fi wannan zurfi. Yohanna ya nuna mana cewa Ɗan yana tare da Uba tun fil'azal, ya bar ɗaukakarsa ya zo cikin duniyar da shi ya yi, mutanensa kuwa suka juya masa baya. Ma'anar Kirsimati ke nan: Ɗan Allah ya bar gida domin ya komo da mu gida. Saboda haka, ya ɗanmu da ke zaune kai kaɗai a ɗaki mai sanyi, kada Shaiɗan ya ce maka kana nesa da Kirsimati. Kai ne ka fi kusa da komin dabbobin nan. Wanda ka ke tunawa da haihuwarsa ya san baƙunci a jikinsa, ba da labari ba.

Mu tuna kuma Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haife shi ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana kiyaye 25 ga Disamba daga Roma ya fito, a shekara ta 336. Ranar tana da kyau, muna girmama ta. Amma wanda aka sa shi aji a ranar bai yi zunubi ba, bai kuwa yi hasarar albarka ba. Mai ranar ya fi ranar.

3. Waɗanda suka riga mu bin wannan hanya

Ba yau Bahaushe ya fara ganin hunturun Turai ba. Akwai wani yaro mai suna Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta yana ƙarami. Wani Bajamushe mai suna Overweg ya fanshe shi a Barno. Bayan mutuwar Overweg a 1852 sai ya bi Dakta Barth, wanda mutanenmu suka sani da sunan Abdulkarim, har Tumbuktu, daga baya ya kai shi Ingila a 1855. Can ya zauna a gidan wani mai bishara, Rabaran Schön, aka yi masa baftisma da suna James Henry. Bai komo Afirka ba sai 1864. Ku ƙirga yawan Kirsimatin da ya wuce kan wannan yaro, ba uwa, ba uba, ba wayar da zai buga, ba wasiƙar da za ta iske danginsa. Duk da haka daga bakinsa Schön ya rubuta Hausa mai yawa, da taimakonsa kuma ya yi aikin juya waɗansu sassa na Maganar Allah zuwa harshenmu, tun shekaru saba'in da ɗoriya kafin a buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Dorugu ya ƙare kwanakinsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912. Kaɗaicin yaro ɗaya ya zama abinci ga jama'a mai yawa.

Mu matso kusa da gida. A 1913 waɗansu daga cikin mutanen da a ke kira Isawa suka zo wurin Likita Mila a Zariya suna neman ƙarin sani a kan Annabi Isa. Ba da daɗewa ba aka kafa musu ƙauye a Gimi, nan kusa da mu. Sun bar garuruwansu da danginsu suka taru a sabon wuri saboda Bishara. Ciwon barci ya faɗa musu, ya kashe da yawa, ƙauyen ya watse, sauran suka koma Zariya. A 1929 aikin mishan ɗin ya tashi daga cikin birni ya koma Wusasa. Mai duban ido zai ce aikin Gimi ya lalace. Amma daga wannan 'yar jama'a ta Zariya da Wusasa Allah ya fitar da mutanen da ƙasa duka ta amfana da su.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Dakta Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912. Ya tafi Jami'ar Birmingham a cikin shekarun 1930, ya zama likita na fari daga Arewa. Asibitin koyarwa da ke Kaduna sunansa ya ke amsawa. A zamaninsa sai mutum ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, sa'an nan ya yi wajen mako biyu a kan teku kafin ya sauka Liverpool. Wasiƙa ma haka ta ke tafiya. Baƙin fata kuwa sau da yawa a kan hana su hayar ɗaki, har ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, wadda Ladipo Solanke ya jagoranci kafa ta a 1925, ta buɗe nata masauki a Landan a 1933. Wani kuma shi ne Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Ancau a 1927, garin da a dā ya ke ƙarƙashin Ikara. Ya yi makarantar Wusasa, ya yi Ibadan, ya ƙarasa karatun likita a Landan a cikin shekarun 1950. Shi ne ɗan ƙasa na fari da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Waɗannan sun tafi, sun jimre, sun komo da ilmi da bangaskiyarsu duka biyu a hannu.

Manoman Ikara sun san wannan asiri. In an cire tumatir daga wurin reno aka dasa shi a kwami, kwana biyu ko uku sai ka gan shi ya yi yaushi, kamar ya mutu. Wanda bai san noma ba zai ce an ɓata shuka. Amma a ƙarƙashin ƙasa saiwa tana kamawa. Wanda aka bari cunkushe a wurin reno ba ya ba da 'ya'ya masu kirki. Yaushin da ɗanmu ke ji a ranar Kirsimati yaushin dashe ne. Abin da ya ke bukata shi ne ruwa a kan lokaci.

4. Tarkuna uku

Amma kada mu ruɗi kanmu. Ba kowane dashe ke kamawa ba. Akwai tarkuna uku da Magabci ya kan kafa wa baƙo a ranar biki.

Na fari, baƙin ciki mai rufe baki. Zabura ta 137 ta ba mu labarin kamammu a bakin kogunan Babila, waɗanda suka rataye molayensu suka kasa waƙa. Kuka ba laifi ba ne. Kewar gida alama ce ta cewa an rene ka da ƙauna. Haɗarin shi ne mutum ya kulle ƙofa, ya daina cin abinci, ya daina addu'a, ya daina amsa waya, har zuciyarsa ta fara gaya masa ransa ba shi da amfani. Wanda ya ji ya kai nan, kada ya yi shiru ko na kwana ɗaya. Ya gaya wa pasto, ko aboki, ko likitan makaranta. Ciwon zuciya ciwo ne kamar zazzaɓi, neman magani kuwa ba rashin bangaskiya ba ne.

Na biyu, abokan banza. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A daren da kowa ya rufe ƙofarsa, akwai ƙofofin da ke buɗe: gidan giya, da gidan rawa, da ɗakin wanda zai ce, zo mana, wa ya san ka a nan? Mutane su kan ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Daniyel bai yarda da wannan karin magana ba. Shi ma ɗalibi ne a ƙasar waje. An kai shi Babila, aka sa shi makaranta ta shekara uku domin ya koyi rubutu da harshen Kaldiyawa, sarki ne ke ciyar da shi, har suna aka sāke masa. Ya karɓi ilminsu, ya fi 'yan ƙasar ma iyawa. Amma ya ƙudura a ransa tun da wuri abin da ba zai sa a bakinsa ba. Ku lura, tun kafin a ajiye akushi a gabansa ya yanke shawara. Wanda ya bari sai daren biki kafin ya yi tunanin inda zai kwana, wani ne zai yi masa tunanin.

Na uku, ƙaryar jin daɗi. Yaro ya ari rigar sanyi mai kyau, ya tsaya gaban kanti mai fitilu, ya ɗauki hoto ya aiko gida. Kowa ya ce ya haye. Alhali kuwa bai biya kuɗin ɗaki ba, dare ya ke kwana yana wanke-wanke ko gadi kafin ya tafi aji da safe. Hoton nan shi zai jawo masa roƙo daga dangi goma, ya kuma hana a yi masa addu'ar da ya ke bukata. Ƙarya ta kan gina katanga tsakanin ɗa da iyayensa wadda ta fi teku faɗi.

5. Abin da ɗalibi zai yi

Annabi Irmiya ya rubuta wasiƙa zuwa ga kamammun Babila, tana cikin sura 29. Waɗansu annabawan ƙarya suna ce musu su zauna da kaya a ɗaure, gobe-gobe za a koma. Irmiya ya ce musu a'a. Su gina, su shuka, su ci amfanin gonakinsu, su nemi zaman lafiyar garin da su ke ciki, su yi masa addu'a, gama Allah yana da nufin alheri a kansu, zai kuwa komo da su a lokacinsa. Daga wannan wasiƙa muna ba 'ya'yanmu shawara biyar.

Ka nemi Ekklesiya tun makon da ka sauka. Kada ka jira Disamba. Ko waƙarsu ba ta yi maka daɗi ba, ko ba su kaɗa ganga, ko tsofaffi ne goma sha biyu a babban gini, in dai suna wa'azin Yesu Kristi da aka gicciye ya kuma tashi, danginka ne. Ka gai da pasto, ka faɗi sunanka, ka karɓi wani aiki, ko da jera kujeru ne.

Ka buɗe baki ka ce ba ka da wurin zuwa ranar Kirsimati. A wurinmu kunya ce mutum ya roƙi gayyata. A can kuwa mutane da yawa suna so su kira ka, amma suna tsoron kada su takura maka. Akwai majami'u da iyalai masu bi da su kan shirya abinci musamman domin ɗalibai baƙi. Ka tambaya.

In ba wanda ya kira ka, kai ka kira waɗansu. Tukunyar shinkafa ɗaya ta isa mutum biyar. Ka ƙwanƙwasa ƙofar ɗan Kenya, da ɗan Sin, da ɗan'uwanka Bakano Musulmi wanda shi ma ya yi Salla shi kaɗai. Ka yi yadda ka ga Inna tana yi a gida. In sun tambayi dalilin bikin, ka karanta musu Luka sura 2. Wataƙila a cikinsu akwai wanda bai taɓa jin labarin ba tun da aka haife shi, Allah kuwa ya ƙetare da kai teku domin ya ji.

Ka riƙe lokacin addu'arka. Daniyel ya kan durƙusa sau uku a yini, tagarsa a buɗe wajen Urushalima, har ya tsufa a Babila. Ka tafi da Littafinka na Hausa da littafin waƙoƙinka. Akwai kukan da ba ya fita sai da harshen uwa.

Ka gai da gida, sa'an nan ka ajiye wayar. Ka ji muryar Baba da Inna, ka faɗa musu gaskiyar halinka. Amma kada ka wuni kana kallon bikin Taba ta gilashin waya, kana hawaye, alhali ga mutane a ƙofarka. Inda Allah ya dasa ka, can za ka yi saiwa.

6. Abin da ke wuyan iyaye da Ekklesiya

Ya ku iyaye, da ku mu ke yanzu. In ɗanku ya bugo waya ranar biki, mene ne maganarku ta fari? Da yawa su kan fara da kuɗin taki, da rufin ɗaki, da bikin ƙanwarsa. Ɗalibi ba ma'aikaci ba ne. A Ingila doka ta ƙayyade wa ɗalibin jami'a aikin sa'a 20 a mako lokacin karatu, in ya wuce yana iya rasa izinin zama. Kada bukatarmu ta tura yaro ga karya doka ko ga hanyar banza. Ku tambaye shi lafiyarsa, da abin da ya ci, da inda ya yi sujada. Ku sa masa albarka da bakinku ya ji. Ku san bambancin lokaci kuma: da hunturu Ingila tana bayanmu da sa'a ɗaya, Sin da Malesiya suna gabanmu da sa'a bakwai. In kun jira sai kun gama cin abincin dare, yaron da ke Sin ya wuni yana duban waya har barci ya kwashe shi.

Ya ku dattawan Ekklesiya, ina sunayen 'ya'yanmu da ke waje? Mun yi musu addu'ar sallama, mun yi tafi, sa'an nan muka manta. Manzo Bulus, jarumin bangaskiya, sa'ad da ya ke ɗaure a Roma ya rubuta wa Timoti ya kawo masa rigar sanyinsa da littattafansa, ya kuma yi ƙoƙari ya iso kafin lokacin ɗari. Ya yabi wani mai suna Onisifurus domin ya zo Roma ya yi ta nemansa har ya same shi. In Bulus ya bukaci a neme shi, balle yaron shekara ashirin? Bari kowace Ekklesiya ta rubuta sunayen nata, a karanta su a gaban jama'a ranar Kirsimati, a yi addu'a a kan kowane ɗaya. A sa wani dattijo ko wata uwa daga Zumuntar Mata ta riƙa tuntuɓar kowane ɗalibi sau ɗaya a wata. Pasto ya rubuta takardar shaida wadda ɗalibi zai kai wa Ekklesiyar da zai shiga a can, kamar yadda Bulus ya yi wa Fibi a Romawa sura 16. A kuma ziyarci matar da mijinta ke karatu a waje, a tabbata tukunyarta ta hau wuta. Zumunci a ƙafa ya ke, inda ƙafa ba ta kai kuwa, murya ta kai.

7. Baƙon da ke ƙofarmu

Saura magana ɗaya, ita ce ma'aunin sauran. Muna roƙon Allah ya buɗe zuciyar wani Bature ko Bamasare ya kira ɗanmu cin abinci. To, ɗan wani fa da ke zaune a cikinmu? Akwai 'yan bautar ƙasa daga Kudu a makarantun ƙauyukanmu, waɗanda kuɗin mota ko tsoron hanya ya hana su tafiya gida. Akwai ɗalibai a Samaru da Kongo, da makarantar aikin lafiya ta Maƙarfi, waɗansu daga Nijar da Kamaru da Cadi. Akwai 'yan ci-rani a fadamunmu. Su ma iyayensu mata sun ajiye kaso wanda mai shi ba ya nan.

Shari'ar Musa ta umurci Isra'ila su ƙaunaci baƙo kamar ɗan gida, dalilin da aka ba su kuwa shi ne su ma sun yi baƙunci a Masar. Marubucin Ibraniyawa ya tuna mana akwai waɗanda suka sauki mala'iku ba su sani ba. Ubangiji Yesu kuma a Matta sura 25 ya nuna cewa a ranar shari'a zai ɗauki saukar baƙo kamar shi kansa aka saukar. Mutanen Baitalami ba mugaye ba ne. Gidajensu ne suka cika da nasu, ba su kuwa san wanda ke tsaye a ƙofa ba. Kada bikinmu ya cika har Mai bikin ya rasa wuri. Bana kowane gida ya ƙara mudu ɗaya a tukunya, ya aiki yaro ya kira baƙo ɗaya da sunansa. Ko nama ya yi kaɗan, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Dukanmu baƙi ne, 'yan'uwa, da wanda ke Landan da wanda ke Taba. Garinmu na ainihi yana gaba, inda za a taru daga kowace al'umma da kowane harshe, ba kuwa za a sāke yin sallama ba. Wanda bai karɓi Yesu ba tukuna, ko yana zaune a tsakar gidan ubansa, shi ne ya fi kowa nisa da gida. Ƙofa a buɗe ta ke yau. Ka shigo.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, wanda ka kiyaye Ɗanka a ƙasar Masar, ka kiyaye 'ya'yanmu a duk inda su ke. Ka zama musu uba da uwa a ranar biki. Ka tsare ƙafafunsu daga tarko, ka ba su abokai masu tsoronka, ka buɗe musu ƙofofin bayinka. Ka sa su zama fitila a makarantunsu, ka komo mana da su lafiya, da ilmi da bangaskiya. Ka ta'azantar da iyayen da ke kewa. Ka buɗe idanunmu mu ga baƙon da ke ƙofarmu. Muna roƙo cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.